Gama-Kai da 'Yan Ra'ayin Riƙau: Tarihin Wani Dogon Zawarci

A zaɓen da aka yi a Birtaniya a watan Yulin 2024, mutum 43 suka shiga majalisar wakilai ɗauke da tutar jam'iyyu biyu a lokaci guda, wato Leba da wata 'yar ƙaramar jam'iyya ta ƙungiyoyin gama-kai. Ƙawancen nan ya doshi shekara ɗari, shi ya sa mutumin Ingila da ya ji an ambaci gama-kai sai hankalinsa ya tafi ga 'yan ƙwadago da masu ra'ayin gurguzu. Da za ka tsallaka ruwa ka tambayi manomin Ostiriya ko na Beljiyam, ko ka nausa har Japan, amsar da za ka samu dabam ce. A can bankin gama-kai da sito na gama-kai sun daɗe suna riƙe da jam'iyyun masu ra'ayin riƙau, su ke tara musu ƙuri'a, su ke renon 'yan takararsu. A ganina ba a littattafan masana ake samun dalilin wannan bambanci ba. Ana samunsa ne idan aka duba wanda kowace jam'iyya ke tsoron ɓata wa rai ranar zaɓe: manomi ne, ko mai kanti.

Labarin da aka fi bayarwa ya faro daga Rochdale, wani garin masaƙu kusa da Manchester. Ranar 21 ga Disamba, 1844, mutum 28, da yawansu masaƙa, suka buɗe kanti a wani lungu mai suna Toad Lane, da jarin da bai wuce fam 28 ba. Kayan da ke ciki ba su taka kara sun karya ba: man shanu, sukari, fulawa, garin kunu da 'yan kyandirori. Abin da ya kai su ga haka bai ɓoyu ba. Ana yi musu algus a fulawa, ana tauye musu awo, kuma bashin da mai kanti ke bin su ya hana su sauya wurin saye. Sai suka kafa ƙa'idoji. Kaya mai kyau da cikakken awo, kuɗi hannu ba bashi. Ribar da aka samu a raba wa membobi gwargwadon cinikin da kowa ya yi, ba gwargwadon jarin da ya zuba ba. Kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi, ko mai fam ɗaya ne ko mai fam hamsin. Sannan ba ruwan kanti da addinin mutum ko jam'iyyarsa.

Cikin waɗannan ƙa'idoji akwai abin da zai kwantar wa mai dukiya da hankali, akwai wanda zai hana shi barci. Da yawa daga mutanen Rochdale almajiran Robert Owen ne, mai ra'ayin gurguzu, wasu kuma sun fito daga gwagwarmayar neman a ba kowane namiji ƙuri'a. Amma ga shi ba su roƙi gwamnati ko sisi ba, ba su yi yajin aiki ba, ba su ƙona masaƙar kowa ba. Tanadi suka koya wa juna, da biyan kuɗi a kan lokaci. A shekarar 1848, da juyin juya hali ya girgiza Faris da Balin da Biyana, masu mulkin Ingila sun ga amfanin lebura mai 'yan kuɗinsa a ajiye, domin mai ajiya ba ya son tarzoma. Matsalar tana ɗaya gefen. Mutanen da doka ba ta yarda su zaɓi ɗan majalisa ba, ga su suna zaɓen shugabannin kasuwancinsu hannu ɗaya ƙuri'a ɗaya. Kuma idan riba za ta koma aljihun mai saye, to ɗan kasuwan da ke tsakiya ba shi da sauran aiki.

Waɗanda suka fara sama wa gama-kai gurbi a doka ba talakawa ba ne. Wasu lauyoyi ne da malaman coci 'yan manyan gida, irin su John Ludlow da Thomas Hughes da F. D. Maurice, waɗanda ke ganin gasar kasuwa marar linzami ta saɓa wa koyarwar Kirista. Da ƙoƙarinsu aka zartar da dokar 1852 wadda ta amince da irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma an zartar da ita ne lokacin gwamnatin Lord Derby ta jam'iyyar Kwanzabatib, waɗanda ake wa laƙabi da Tori, ko da yake ɗan majalisar da ya ɗauki nauyinta, Robert Slaney, ba ɗan jam'iyyar ba ne. Ɗaya daga cikin lauyoyin, Edward Vansittart Neale, ɗan gidan masu filaye ne, ya narkar da dukiya mai yawa wajen tallafa wa ƙungiyoyin ma'aikata da akasarinsu suka rushe, ya kuma zama babban sakataren haɗaɗɗiyar ƙungiyar gama-kai har zuwa 1891. Irin wannan bawan Allah ba juyin juya hali yake nema ba. So yake a ɗinke ɓarakar da Benjamin Disraeli, ɗan Tori, ya bayyana a 1845, cewa mawadata da matalautan Ingila sun zama tamkar al'ummu biyu da ba su san juna ba.

Da tafiyar ta ci gaba a haka, da wataƙila 'yan Tori sun riƙe gama-kai a matsayin ɗan gida. Girma ne ya ɓata lissafin. A 1863 kantunan suka kafa babban kamfanin sari nasu na kansu, daga baya ya mallaki masana'antun biskit da sabulu da takalma, da jiragen ruwa, har da gonakin shayi a tsibirin Silon. Zuwa 1914 membobi sun haura miliyan 3. Kowane kanti da aka buɗe, wani mai tireda ne ya rasa masu saye, kuma masu tireda mutane ne masu ƙuri'a, masu zama a majalisun gari, waɗanda sannu a hankali suka tattara a jam'iyyar Kwanzabatib. Sun kafa ƙungiyoyin kare kansu, sun matsa wa masu masana'antu su daina sayar wa gama-kai da kaya, sun matsa wa masu ɗaukar aiki su kori duk wanda iyalinsa ke saye a can. A Glasgow, cikin shekarun 1890, mahauta sun haɗa baki don hana ƙungiyoyin sayen shanu a kasuwar dabbobi.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tsinka igiyar. Gwamnati ta ɗora wa ƙungiyoyin harajin ribar yaƙi, alhali su a wurinsu ba riba suke ci ba, rarar kuɗin membobi ce ake mayar musu. An raba sukari bisa cinikin kafin yaƙi, ba a duba cewa membobinsu sun ƙaru ba. Kwamitocin da ke yanke wanda za a tura fagen daga kuwa, sau da yawa 'yan kasuwa ne ke zaune a kansu, sai ga ma'aikatan gama-kai ana kwashe su, yaran kantin maƙwabci suna nan. A 1917 ƙungiyoyin suka ajiye tsohuwar ƙa'idar nesanta kai da siyasa suka kafa jam'iyya, a 1927 kuma suka ƙulla yarjejeniya da Leba a garin Cheltenham. Shekara shida bayan haka ministan kuɗi Neville Chamberlain, ɗan Kwanzabatib, ya sa haraji a kan kuɗin da ƙungiyoyin ke ajiyewa ba su raba ba, jaridun Lord Beaverbrook kuma suka buɗe musu wuta. Daga nan kowa ya san gidansa.

A Jamus abin ya ɗauki wata hanya, domin a ƙauye ya tsiro. Friedrich Wilhelm Raiffeisen tsohon soja ne da ciwon ido ya raba shi da kaki, aka naɗa shi magajin garin Weyerbusch a 1845, cikin tsaunukan Westerwald masu fama da talauci. Mutum ne mai riƙo da addini, mai biyayya ga sarki, ba shi da ko ɗigon sha'awar gurguzu. A hunturun yunwa na 1846 zuwa 1847 ya tara masu hali suka sayo fulawa, aka gina gidan burodi, aka ciyar da mutane a kan bashi. Da aka mayar da shi Flammersfeld ya ga ciwon da ya fi yunwa daɗewa, wato masu ba da bashi da ruwa da dillalan shanu. Manomi ya karɓi saniya bashi, ruwa ya yi ta hawa, ƙarshe gona ta tafi. Ƙungiyoyinsa na farko na sadaka ne, masu kuɗi ke tsaya wa talakawa, kuma ba su ɗore ba, domin mai bayarwa yakan gaji. A 1864, a Heddesdorf, ya sauya tsari ya sa masu karɓar bashin su zama su ne membobi.

Tsarin da ya bari ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya bazu a duniya fiye da na Rochdale. Kowace ƙungiya ba ta wuce ƙauye ɗaya ko yankin coci ɗaya ba, inda kowa ya san mai sha da mai ƙwazo. Membobi duka suna lamunce bashin ƙungiya da dukan abin da suka mallaka, saboda haka ba wanda zai bari a ba malalaci rance ya yi shiru. Shugabanni ba a biyan su albashi, sai mai riƙe da littafin kuɗi kawai. Ribar kuwa ba a raba ta, ana tara ta ne a wani asusu da ba mai ikon taɓawa, ko da ƙungiyar ta watse. A aikace limamin coci da malamin makaranta da babban manomin gari su ke zama a gaba. Wato talaka ya samu rance mai sauƙi, amma tsarin girma da ƙanƙanta na ƙauye bai motsa ba. Mai ra'ayin riƙau ba zai nemi abin da ya fi wannan ba.

A birane kuma Hermann Schulze-Delitzsch ne ya kafa wa masu sana'ar hannu bankunansu. Shi mai sassaucin ra'ayi ne, abokin hamayyar Bismarck, amma babban faɗansa da ɗan gurguzu Ferdinand Lassalle ya yi shi. Lassalle ya ce gwamnati ta ba ma'aikata jari su kafa masana'antunsu, Schulze ya ce duk ƙungiyar da ta karɓi kuɗin gwamnati ta sayar da 'yancinta. Wannan gardama ta taimakon kai da kai ko taimakon hukuma ita ce har gobe ke raba dama da hagu a kan batun. Sai dai masu mulki ba su tsaya kan aƙida ba da suka ga amfani. Jamus ta yi dokar gama-kai a 1889, a 1895 kuma ministan kuɗin Prussia, Johannes Miquel, ya kafa babban banki da kuɗin gwamnati don ya riƙa ba ƙungiyoyin rance, da niyyar kada manoma da masu sana'a su faɗa hannun 'yan gurguzu. Akwai kuma wani baƙin tabo da bai kamata a rufe ba. Yaƙi da masu cin ruwa a ƙauyukan Jamus ya sha rikiɗewa ya zama ƙyamar Yahudawa, kuma wasu rubuce-rubucen Raiffeisen kansa ba su tsira daga wannan ba.

Cocin Katolika ya shigo da ƙarfinsa bayan wasiƙar Fafaroma Leo na 13 ta 1891 kan halin ma'aikata, wadda ta kare haƙƙin mallaka, ta yi tir da gurguzu, ta kuma ƙarfafa talakawa su kafa ƙungiyoyinsu. Beljiyam ta riga ta nuna yadda ake yi. 'Yan gurguzun Ghent suna da gidan burodin gama-kai mai suna Vooruit, wanda ribarsa ke ɗaukar nauyin jarida da jam'iyya. Da 'yan Katolika suka ga haka, sai suka ce kafin wutar ta iso ƙauye gara su share gefen gona. A 1890 wani limamin coci, Mellaerts, da 'yan siyasa biyu, Joris Helleputte da Frans Schollaert, suka kafa ƙungiyar manoma ta Boerenbond a Leuven. Ta sayar da taki da iri, ta ba da rance da inshora, ta kuma kai ƙuri'un manoma ga jam'iyyar Katolika shekara da shekaru. Bankinta na cikin waɗanda aka haɗe a 1998 aka samar da bankin KBC na yau. A Italiya har launi aka raba, jajayen ƙungiyoyi na 'yan gurguzu da aka haɗa kansu tun 1886, fararen ƙungiyoyi na 'yan coci da suka kafa tasu haɗakar a 1919. Gari ɗaya, kantuna biyu, bankuna biyu, kowa ya san inda kakansa ke saye.

Misalin da ya fi burge ni na Ireland ne, domin can aka juya hoton. Horace Plunkett ɗan sarauta ne, Furotesta, wanda ya yi kiwon shanu a Wyoming ta Amurka kafin ya dawo gida. Mai goyon bayan ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya ne, kuma a wannan tuta ya ci kujerar majalisa a 1892. Shi ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye yana lallashin makiyaya su haɗa kai su kafa wuraren sarrafa madara nasu, ya kuma kafa ƙungiyar tsara harkar noma a 1894. Su wa suka tsaya masa a wuya? Masu kantunan ƙauye da ke ba manoma bashi da ruwa, waɗanda a Ireland su ne ƙashin bayan jam'iyyar 'yan kishin ƙasa. Wato a nan mai ra'ayin riƙau ne ke tallan gama-kai, 'yan neman sauyi suna kare mai kanti. Plunkett bai tsira daga ko wane ɓangare ba. Mutanensa sun tsayar masa da kishiya ya faɗi zaɓe a 1900, a 1923 kuma aka ƙone gidansa lokacin yaƙin basasa.

A Amurka 'yan jam'iyyar Rifablikan biyu, Arthur Capper na Kansas da Andrew Volstead na Minnesota, su suka kawo dokar 1922 da ta ba manoma damar haɗa kai su sayar da amfaninsu ba tare da an tuhume su da haɗa baki kan farashi ba. Japan ta kwafi tsarin Jamus tun dokar 1900, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, da aka raba wa manoma filaye, dokar 1947 ta haifar da ƙungiyoyin Nokyo da kusan kowane gidan manomi ya shiga. Su ke karɓar shinkafa a farashin gwamnati, su ke sayar da taki, su ke riƙe da ajiyar ƙauye. Jam'iyyar LDP ta masu ra'ayin riƙau da aka kafa a 1955 ta riƙe farashin shinkafa a sama, ta toshe ta waje, Nokyo kuma ta riƙa kawo ƙuri'a.

Masu tsattsauran ra'ayin dama sun nuna iyakar soyayyar a fili. A Yulin 1922 'yan bangar Italo Balbo, na hannun daman Mussolini, suka banka wa hedikwatar ƙungiyoyin gama-kai ta Ravenna wuta, kuma da Mussolini ya kama mulki ya rusa haɗakar jajaye da ta farare, ya sa abin da ya rage ƙarƙashin hukuma. 'Yan Nazi sun yi wa masu kantuna alkawarin gamawa da kantunan gama-kai, sun kuma cika, domin a 1941 aka miƙa dukiyarsu ga ƙungiyar ƙwadagon jam'iyya. Ƙungiyoyin manoma ba a rusa su ba, shugabanni aka sauya musu. Sito da littafin bashi suna da amfani ga kowace gwamnati, zaɓen shugabanni ne ba a so.

Ta irin wannan hanya ta daga sama gama-kai na zamani ya iso mana. Turawan mulkin mallaka sun gwada tsarin Raiffeisen a Indiya da dokar 1904, suka ƙara masa abin da babu a Jamus, wato jami'in gwamnati mai rajista, wanda ke da ikon yi wa ƙungiya rajista, ya binciki littafinta, ya kuma rushe ta. C. F. Strickland, wanda ya yi wannan aiki a Punjab, shi ya zo Nijeriya ya rubuta rahoto a 1934, aka yi doka a 1935. Wanda ya taɓa mamakin dalilin da ya sa ƙungiyar manoma a wurinmu ta fi kallon ofishin gwamnati fiye da membobinta, to ga inda aka samo halin.

Mu koma Birtaniya. 'Yan Tori ba su bar batun gaba ɗaya ba, sun dai zaɓi nau'in da ya yi musu, wato mai kamfani ya ɗiba daga ribarsa ya ba ma'aikata. George Livesey, shugaban wani kamfanin iskar gas na kudancin Landan, ya fito da shirin rabon riba a 1889, amma sai ma'aikaci ya sa hannu a yarjejeniyar aiki ta shekara guda, abin da ke nufin ba zai iya shiga yajin aiki ba. Ƙungiyar ƙwadago ta gane tarkon, ta tafi yaji, ta sha kaye. Daga baya Livesey ya ba ma'aikata kujeru a hukumar gudanarwa, kuma shirin ya daɗe yana aiki, amma 'yan ƙwadago ba su manta da asalinsa ba. John Spedan Lewis ya wuce nan, ya miƙa kantunan gidansu ga wata amana don amfanin ma'aikata a matakai biyu, 1929 da 1950. A 1923 kuma wani matashin ɗan siyasa daga Scotland, Noel Skelton, ya rubuta jerin maƙalu a mujallar Spectator yana cewa tunda talaka ya samu ƙuri'a da ilimi, dole ya samu dukiya, in ba haka ba gurguzu zai ɗauke shi. Hanyoyin da ya kawo sun haɗa da ba ma'aikata kaso a masana'antu, da ƙananan gonaki, da gama-kan manoma. Abokinsa Walter Elliot, da ya zama ministan gona, shi ya kafa hukumar sayar da madara a 1933, wadda makiyaya ke zaɓen akasarin shugabanninta.

Anthony Eden, jigo a jam'iyyar Kwanzabatib, ya farfaɗo da kiran Skelton a 1946, sai dai a hannun magadansa ma'anar ta ƙanƙance. Mallakar da Skelton ke nufi har da ta wurin aiki, ta koma mallakar gida kawai, sannan a zamanin Margaret Thatcher ta zama sayar wa masu haya gidajen gwamnati da dokar 1980, da sayar wa jama'a hannun jarin kamfanonin gwamnati. Mallaka ce ta mutum ɗaya shi kaɗai, wadda zai iya sayarwa gobe. Dukiyar da jama'a suka tara tare, wadda ba mai iya cire kasonsa, a idon masu wannan ra'ayi jari ne da ya kwanta barci. Thatcher kanta 'yar mai kantin kayan masarufi ce a Grantham, kuma ba na jin wannan ƙaramin abu ne a labarin. Hukumar madarar nan ma an rushe ta a 1994 a zamanin John Major.

Inda aka fi jin zafin wannan sauyi shi ne ƙungiyoyin tanadi da rancen gida. Sun faro ne kamar adashi, mutane su riƙa zubi har kowa ya samu gidansa, suka girma har ya zama su ke ba da mafi yawan rancen gida a ƙasar, kuma masu ajiya da masu rance su ne masu su. Dokar 1986 ta ba su damar rikiɗa su zama bankuna masu hannun jari idan membobi suka yarda. Yadda ake samun yardar kuwa mai sauƙi ne: a yi wa kowane memba alkawarin hannun jari kyauta. Abin da kakanni suka tara cikin shekara ɗari da ɗoriya, sai waɗanda suka tarar da shi suka raba a yini guda. Har wasu suka mayar da abin sana'a, suna buɗe asusu a ko'ina don jiran rabo. Abbey National ta fara a 1989, a 1997 Halifax da Woolwich da Alliance & Leicester da Northern Rock suka bi, Bradford & Bingley ta rufe sahu a 2000. Gwamnatin Leba da ta hau a 1997 ba ta tare hanya ba, wannan ma a faɗe shi. Membobin Nationwide ne suka ƙi, da ƙyar, a ƙuri'ar 1998. Yau a cikin waɗanda suka rikiɗa babu ko ɗaya da ke tsaye da ƙafarsa, wasu an haɗiye su, wasu gwamnati ta ceto. Nationwide tana nan.

A watan Satumban 2007 aka ga dogayen layuka a ƙofar rassan Northern Rock, mutane suna rige-rigen kwashe ajiyarsu. Wata biyu bayan haka David Cameron, shugaban Kwanzabatib da ke adawa a lokacin, ya je Manchester ya ƙaddamar da ƙungiyar gama-kai ta jam'iyyarsa, ya ɗora Jesse Norman a kanta. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Norman mai nazarin Edmund Burke ne, wanda ya koyar da cewa ƙaunar ƙasa daga ƙananan ƙungiyoyin da mutum ya taso ciki take farawa, kuma al'umma amana ce tsakanin matattu da rayayyu da waɗanda ba a haifa ba. Idan haka ne, kantin Rochdale ya fi kusa da Burke fiye da Marx. Marubuci Phillip Blond ya ƙara da cewa babbar gwamnati da babbar kasuwa duk sun tsotse al'umma. 'Yan jam'iyyar gama-kai suka ce wannan kwaɗayin suna ne kawai, daga mutanen da suka buɗe ƙofar 1986.

Da suka hau mulki a 2010 tare da 'yan Liberal Democrat, aka ga abin da suke nufi. Ba a kan bankuna ko manyan kantuna aka gwada gama-kai ba, a kan aikin gwamnati aka gwada shi. Minista Francis Maude ya yi hasashen ma'aikatan gwamnati har miliyan ɗaya za su fice su kafa ƙungiyoyin kansu kafin 2015, su riƙa karɓar kwangila daga hukumar da suka bari. Da lokacin ya yi, ƙungiyoyin sun ɗan haura 100, ma'aikatansu kimanin 35,000, kuma da dama daga cikinsu sun fito ne ta wani shiri da Leba ta fara a fannin lafiya. Wasu sun yi aiki mai kyau. Amma an yi abin ne daidai lokacin da ake zaftare kuɗin ƙananan hukumomi, sai ma'aikaci ya ga kamar ana miƙa masa ragamar jirgin da ake huda. Misalai biyun da aka fi tallatawa su suka fi ba da kunya. Kamfanin Circle, wanda ma'aikata ke da ƙasa da rabinsa, masu zuba jari ke da sauran, ya karɓi asibitin Hinchingbrooke a 2012, ya sanar da janyewa a farkon 2015. Hukumar fanshon ma'aikatan gwamnati, MyCSP, an mayar da ita kamfani a 2012, ma'aikata kashi 25, gwamnati 35, kamfanin Equiniti 40, kuma cikin shekara biyu Equiniti ya zama mai rinjaye. Su ma 'yan gama-kan asali ba su da bakin dariya, domin a 2013 aka gano giɓin fam biliyan 1.5 a bankinsu, har ya suɓuce zuwa hannun masu zuba jari.

A Japan ma, da manoma suka ragu suka tsufa, lissafi ya sauya. Shinzo Abe, shugaban jam'iyyar da Nokyo ta goya shekara sittin, shi ne a 2015 ya ƙwace wa uwar ƙungiyar ikon binciken littattafan rassanta, a daidai lokacin da take adawa da yarjejeniyar cinikin ƙasashen tekun Fasifik.

Abin da ya ɗore daga zamanin Cameron shi ne wanda aka fi yi wa shiru. Dokar kuɗi ta 2014 ta yafe harajin ribar sayarwa ga mai kamfanin da ya miƙa rinjayen hannun jarinsa ga amanar ma'aikata, kuma kamfanoni sama da dubu sun bi wannan hanya, ciki har da Aardman mai finafinan zane da kantunan Richer Sounds. Jikan tsarin Spedan Lewis ne, ba na Rochdale ba: mai gida ne ke yanke shawarar bayarwa, amintattu ke riƙewa, ma'aikaci yana cin riba ba lallai ya zaɓi manaja ba.

A 2021 shugabannin LV=, wata tsohuwar ƙungiyar inshora da aka kafa a Liverpool a 1843 don talakawa su tanadi kuɗin jana'iza, suka shirya sayar da ita ga kamfanin Bain Capital na Amurka a kan fam miliyan 530, da alkawarin fam 100 ga kowane memba. Jaridar Daily Mail, wadda ba a taɓa zargin ta da son gurguzu ba, ita ta ja gaba wajen yaƙar cinikin. Ana bukatar kashi 75 na masu ƙuri'a, aka samu 69, ciniki ya watse. A 2023 majalisa ta zartar da dokar da ta buɗe hanyar ƙungiya ta kulle dukiyarta yadda membobin wani zamani ba za su iya rabe ta ba. Ɗan majalisar Leba da gama-kai, Mark Hendrick, shi ya gabatar da ita, gwamnatin Rishi Sunak ta Kwanzabatib ta mara masa baya. Kullewar ba dole ba ce, ƙungiyar da ta ga dama ce za ta yi.